Masu Kashe Mota a Gangara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan zama, wanda ya yi haƙuri da mu tun hantsi. Shugaban ƙungiyar masu motoci ta unguwarmu da mataimakansa. Dattawanmu na sahun gaba, waɗanda wasunsu sun riƙe sitiyari tun kafin a haife ni. Jami'in kula da hanya da ya baro aikinsa ya zo. Kanikawanmu da suka wanke hannu yau suka sa fararen kaya har na kasa gane wasunsu. 'Yan'uwana mata da aka jera mu can baya kusa da ƙofa. Matasa masu sabon lasin. Da duk wanda ya tako ƙafarsa zuwa wannan zaure, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku barka da wannan taro na shekara.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce matar mutumin da kuke kira Ɗigo. Tela ce ni, keken ɗinki na sani, ban taɓa tuƙa mota ba, kuma yadda nake ji yanzu ba na jin zan taɓa. Maigidana yana cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya. Bara warhaka yana nan a tsakaninku yana gardama a kan wace mota ce ta fi tsimin mai. Yau yana gida a kwance, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, shi ya sa kuka gan ni a madadinsa.

Sakatare ya ce mini godiya zan yi, a taƙaice. Godiya kuwa wajibi ce a kaina, zan kuma yi ta da zuciya ɗaya. Ku ne kuka ciro shi daga cikin ƙarfe kuka kai shi asibiti. Ku ne kuka riƙa karɓa-karɓa wajen kai ni da dawo da ni duk tsawon jinyar, ba wanda ya taɓa ɓata mini fuska. Kanikawan nan ne suka tattaro motar da kowa ya ce ta zama ta 'yan gwangwan, suka miƙe ta, suka tashe ta. Ku ne kuma, da kuka ga gidan ba mai nema, kuka haɗa kai kuka ba babban ɗanmu aikin kai 'ya'yanku makaranta da ɗauko su a cikin wannan motar, da ita muke ci, da ita muke sayen magani. Wanda ya manta irin wannan ba mutum ba ne. Allah ya saka muku, ya tsare ku da iyalanku.

To amma ku gafarce ni, ba zan tsaya a nan ba. Tun safe nake zaune ina sauraron tambayoyinku. Wannan ya tashi ya ce wace mota ce ba ta shan mai. Wancan ya tashi ya ce baƙin mai zai iya kai wata nawa kafin a juye. Wani ya ce ko a cika wa taya iska ta fi gudu da ɗan mai. Kunnena na mace ya ji tambayoyi da yawa, amma duk tambaya ɗaya ce aka sauya wa riga: yaya zan yi in rage? Ban ji wanda ya tambayi yadda zai dawo gida da ƙafafunsa ba. Saboda haka zan yi magana a kan abubuwa kaɗan, kuma duk daga cikin gidana zan ɗebo su, don kada wani ya ce na taɓa shi.

Na farko, sayen mota.

Maigidana ya daɗe da wata tsohuwar mota, dattawa sun san ta, mai sitiyari kamar dutsen niƙa, wadda in zai juya ta sai ya haɗa da kafaɗa. Da ta gaji, ya tara abin da ya tara, ya tafi wurin dillalai ya sayo ta hannu, amma ta zamani a kan waccan. Bai tafi shi kaɗai ba, abokai ya ɗiba, wasunsu ga su nan suna kallona. Da suka dawo sun cika mana tsakar gida da labari: yadda suka zagaye ta, yadda suka ƙwanƙwasa jikinta don su ji ko an yi mata ciko, yadda ɗaya ya durƙusa ya shinshina hayaƙin salansa, yadda suka tsare dillali da tambaya ɗaya tak, wai yaya shanta. Na kawo musu ruwa, na ce, to birkinta fa? Aka kwashe da dariya. Maigidana ya ce, "Ke dai ki ji da birkin kekenki." Ni ma na yi dariya, don maganar ta ba ni dariya a lokacin.

Ba wanda ya tambayi dillali, ba wanda ya tambayi bakanike, me ya bambanta wannan mota da waccan, me aka saba yi wa tsohuwa wanda ba a yi wa wannan. An duba fenti, an duba kujeru, an duba rediyo. Mutum ya sauya mota, bai sauya hali ba, kuma babu wanda ya gaya masa akwai halin da ya kamata ya bari a wurin dillalan.

Na biyu, sabis da gyara.

Ba a banza kuka raɗa masa Ɗigo ba. Mutum ne da in yana gidan mai sai ya sa a girgiza bakin famfo don kada ɗigo ya koma. In lokacin juye ya yi, sai ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga wa rana, ya ce da sauransa. Na'urar sanyaya mota kuwa, har motar ta yi haɗari ban san sanyinta ba. Ya cire tayar ko-ta-kwana daga bayan mota, wai nauyi ne. Wata rana za mu unguwa na ga yana kallona daga sama zuwa ƙasa, na ce masa in lissafin nauyina kake yi gara ka faɗa in tafi a ƙasa.

Kuma akwai wata kalma da na tsana yanzu, wadda na ji ta a bakinsa ba adadi, na kuma ji ta a wannan zaure yau: lallaɓa. A lallaɓa ta zuwa ƙarshen wata. A lallaɓa tayar, ai ba ta nuna waya ba tukuna. A lallaɓa birkin, ƙara kawai yake yi. Ku kanikawa, ina girmama ku, amma ku ma kuna da naku. Mutum ya zo muku da abin da ya mutu, ya marairaice, sai ku ɗaure masa da waya ku ce ya je ya gwada. Na san tausayi ne. Amma wani tausayin, matar mutum ce take biyan sa daga baya.

Kada ku ɗauka ban san halin da ake ciki ba. Na sani. Ni nake riƙe da tukunya, na san yadda mai yake cinye albashi tun wata bai raba ba. Na ga maigidana yana tsayawa bakin ƙofar gidan mai yana tunani kafin ya shiga. Ba rowa ce ta sa ku haka ba, matsi ne, kuma duk namijin da yake ƙoƙarin rage wa mota don ya ƙara wa gida, ba abin zagi ba ne. Sai dai akwai tsimin da yake tsimi, akwai kuma wanda sunan tsimi kawai yake ɗauke da shi. Wannan ne ya kawo ni magana ta uku, ita ce kuma ainihin abin da ya fito da ni daga gida.

Kowa a nan ya san gangarar da ta taso daga tankin ruwa ta sauka zuwa gada. Ba mai fita unguwar nan da mota bai bi ta ba. Kowa kuma ya san abin da kuke yi a kanta. Da mota ta kai tanki, sai a sa giya a fri, a murɗa makulli, inji ya mutu, a sake ta ta gangara da kanta. In mutum ya tsaya a gefen titin da safe, sai ya ga motoci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya shiru, ba ka jin komai sai kukan taya. Har gasa kuka mai da abin. A majalisarku ta wurin wankin mota ana faɗar wanda ya wuce gada, da wanda ya kai gidan burodi kafin ya tayar. Wanda ya sauka da injinsa a kunne kuwa, ranar ya shiga uku da tsiya, a ce kuɗi sun yi masa yawa, a ce ko rijiyar mai ya gada. Maigidana shi ne gwanin wannan gasa. Da alfahari yake ba ni labari, ni kuma ina taya shi murna, don ban san komai ba.

Ranar da abin ya faru, safiya ce kamar kowace. Ya karya, ya yi mini tsiya a kan shayi ya yi sanyi, ya fita zuwa wurin aiki. Ya rage wa maƙwabcinmu mai kemis hanya, kuma daga bakinsa na ji sauran, yana nan, in na ƙara ko na rage ya gyara mini. Sun kai tanki, ya kashe mota kamar kullum. An yi ruwa a makon, titin ya fashe, ga ramuka. Ya taka birki a rami na farko, ya kama. Ya taka a na biyu, ya kama. Suna hira, yana nuna masa allurar mai yana cewa dubi, ko motsi ba ta yi ba tun shekaranjiya. Suna shan kwana sai ga tifa ta lalace a bakin gada, ta tare rabin hanya. Ya taka birki, birki ya ƙi shiga. Ya miƙe a kansa da ƙarfinsa duka, kamar ya taka dakali. Ya ja sitiyari, sitiyari ya yi nauyi. Ya kai hannu ga makulli, lokaci ya ƙure. Mai kemis ya ce abin da ya ji na ƙarshe salati ne. Shi ya karye a hannu. Maigidana ya karye a baya.

Kowa ya zo gaisuwa ya ce ƙaddara, ni ma na ce ƙaddara, kuma har gobe na yarda babu abin da ke samun bawa sai da sanin Ubangijinsa. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Mutumin da ya yi shekaru yana sauka wannan gangara a haka, me ya sa birki ya ci amanarsa ranar? Da aka gama gyaran motar, na sa mayafina na tafi garejin bayan kasuwa, na sami babban bakaniken, na ce ya gaya mini abin da ya lalace a birkin. Ya ce babu abin da ya lalace, lafiyarsa ƙalau. Ya buɗe bonet ya nuna mini wani baƙin abu mai kama da tukunya. Ya ce birkin irin wannan mota da numfashin inji yake samun ƙarfi. In an kashe inji, abin da ya rage a tukunyar bai wuce taku ɗaya ko biyu ba, daga nan sai ƙafarka kaɗai, kuma ƙafar mutum ba ta tsayar da mota a gangara. Sitiyarin ma da inji yake laushi. Tsohuwar motarsa ba ta da wannan, a kashe ko a kunne duk ɗaya ne a wurinta, a kanta ya koyi abin, daga irinta dattawa suka gado shi. A sabuwar kuwa, sa'a ce kawai take sauko da shi duk ranar da bai buƙaci taku na uku ba.

Na tambaye shi, to man da ake ragewa fa, ya kai nawa? Ya ce irin waɗannan motoci, in kana gangara da giya a ciki ka ɗage ƙafa, da kansu suke rage shan mai, abin da mutum zai samu don ya kashe ko kofin shayi ba zai cika ba. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wallahi Hajiya, ni ma ina yi." Na dawo gida a ƙasa, ina tafe ina kuka, mutane suna kallona.

Ku da kuke zuwa dubiya kuna ganinsa an yi masa wanka, an jingina shi da matashi, yana yi muku raha. Ba kwa ganin sauran. Ba kwa ganin yadda ake juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Ba kwa ganin namijin da bai taɓa yarda wani ya wanke masa mota ba, yau shi ake ɗagawa ana wankewa, yana kau da fuska don kada mu haɗa ido. Ina son mijina, ban gaji da shi ba, ba kuma zan gaji ba. Amma ina baƙin ciki, baƙin cikin da ban san inda zan ajiye shi ba, kuma wani lokaci ina jin haushinsa, ina jin haushinku, ina jin haushin kaina da na taya shi dariya.

Da a nan abin ya tsaya, da na yi godiyata na zauna. Bai tsaya ba.

Ɗanmu da kuka ba aiki, tun ranar da ya fara zama a majalisarku kuka raɗa masa Ƙaramin Ɗigo. Ya dawo gida yana murna, an ba shi sunan ubansa. Wata rana ya ɗauke ni zuwa kasuwa sayen yadi, muna kaiwa tanki na ga hannunsa ya tafi ga makulli, ko tunani bai yi ba. Na buge hannun. Na ce ashe kai ma? Ya ce, "Mama, kowa haka yake yi. In na sauka da inji a kunne, su Kawu dariya za su yi mini, su ce ban gado Baba ba."

Na gaya wa uban. Ya kira shi har bakin gado, ya yaye zanen da ke rufe da ƙafafunsa, ya ce ya duba da kyau. Ya gaya masa duk abin da bakanike ya faɗa. Yaron ya yi kuka, ya yi alkawari. Na ɗauka an gama. Amma na san ɗana, na kuma san cewa maganar uwa da ta uban da ke kwance ba ta kai nauyin dariyar maza a majalisa ba.

A makon nan na ajiye ɗinki da safe, na je na tsaya a gindin tanki, bayan mai sayar da katin waya, inda ba za a gan ni ba. Na ga motocinku suna wucewa. Ba zan kira suna ba, amma na ga masu furfura, na ga masu ilimi, na ga waɗanda suka ɗauki maigidana da hannunsu jini yana zuba a rigunansu, duk suna wucewa shiru. Maƙwabci, ka yafe mini, kai ma na gan ka, da hannun da aka ɗora maka ka murɗa makullin. Can sai ga motarmu. Tana zuwa daidai tanki na ji injin ya ɗauke. A kujerar baya yara ne cike, da jakunkunansu da gorunan ruwansu, ɗaya ta manna fuska a gilashi, ta gan ni, ta ɗaga mini hannu. 'Ya'yanku ne. Na tsaya a wurin har motar ta ɓace a kwana, ina jiran in ji ƙara. Allah ya tsare ranar, ban ji ba.

Saboda haka, ya shugaba, ya dattawa, ga abin da na zo da shi. Ba na neman a kafa doka, don doka ba ta hawa mota tare da mutum. Jami'in hanya ba zai kwana a gindin tanki ba. Abin da ya koya wa yaron nan wannan hali bakinku ne, bakinku ne kuma kaɗai zai cire masa shi. Ku daina yi wa mai sauka da inji a kunne tsiya. Ku daina faɗar wanda ya kai gidan burodi. In za ku sayi mota, ku tambayi abin da ba a yi mata kafin ku tambayi abin da take sha. In bakanike ya ce abu ya mutu, ku bar shi ya mutu. Ku kuma kanikawa, abin da aka gaya mini a gareji da na je da kaina, ku faɗe shi ga kowane mai mota ba sai matarsa ta zo tambaya ba. Sunan nan kuma da kuka ba ɗana, ku karɓe abinku. Ɗigo ɗaya ya ishi gidana.

Yau da safe, ɗan nawa yana wanka, na ɗauke makullin motar daga aljihun rigarsa. Ga shi a hannuna. Ya neme shi har ƙarƙashin gado, ga shi can tsaye a bakin ƙofa, sai yanzu ya san inda yake. Na faɗa muku da wannan mota muke ci, da ita muke sayen magani, kuma na san abin da zai same mu in ta kwana biyu ba ta fita ba. Na yi shawara da ubansa, ya ce in kawo. Ya shugaba, zan ajiye shi a gabanka. Ni ba zan mayar masa ba, don maganata ta riga ta faɗi ƙasa. In kun ga dama, ku kira shi nan gaban jama'a, ku da yake jin kunyarku, ku gaya masa da bakinku cewa kuskure kuka koya masa kuma kun bari, sannan ku miƙa masa da hannunku. In kuwa ba za ku iya faɗar haka ba, to ku riƙe makullin, gobe kowa ya san yadda zai kai ɗansa makaranta. Mu za mu ji da yunwarmu. Na iya jinyar mutum ɗaya, ba zan iya ta biyu ba, ba kuma zan iya zuwa gidan ɗayanku gaisuwar yaro ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri. Allah ya yalwata muku abin da za ku zuba a tanki ba tare da kun auna shi da rayukanku ba. Allah ya sa duk wanda ya fita da safe ya dawo ya taka ƙofar gidansa da ƙafafunsa. Allah ya tsare yaran da muke ɗorawa a kujerar baya, ya shiryi namu matasan, ya ba dattawanmu ƙarfin faɗar gaskiya ko da a kansu take. Allah ya tashe mu daga wannan zama lafiya, ya sauke kowa gangarar nan lafiya.

Ya shugaba, ga makulli. Na gode da kuka saurare ni.